Yadda ake motsa jiki idan ƙashi ya fara zaizayewa, mataki-mataki a cikin gida

Tambayar ta fi zuwa daga bakin 'ya'ya. An kai Inna asibiti da ciwon baya ko karayar wuyan hannu, likita ya ce ƙashinta ya zaizaye, ya rubuta magani, ya ƙara da cewa ta riƙa motsa jiki. Aka dawo gida, ba wanda ya san wane motsi ake nufi. Wasu 'ya'yan sai su hana ta ɗaukar ko buta, wasu kuma su ce ai shara da wanki sun ishe ta. Na farko sun zaunar da ita, zama kuwa cin ƙashi yake yi. Na biyu sun bar ta da ayyukan da suka fi kowanne murƙushe ƙashin baya.

Abin da za a riƙe kaɗan ne. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan nauyi ya hau kansa ko tsoka ta ja shi. Karaya kuma yawanci ta hanya biyu take zuwa, faɗuwa ko sunkuyawa da kaya, kuma ta fi samun ƙugu da ƙashin baya da wuyan hannu. Da mace zan yi magana, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin raguwa: a duniya kusan mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 tana samun irin wannan karayar, namiji kuma ɗaya cikin biyar. Duk abin da ke ƙasa ya shafi Baba ma. A bi matakan a jere, kada a tsallake zuwa na 8 don shi ya fi kama da motsa jiki.

1. Ki san rukuninki

Rukuni na farko: kin haura 45 ko 50, ba ki taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa ba, rigakafi kike nema. Rukuni na biyu: likita ya tabbatar ƙashin ya yi rauni, amma ƙashin baya bai taɓu ba. Rukuni na uku: kin taɓa karayar ƙugu ko ƙashin baya, ko kin lura tsawonki ya ragu, zanin da yake tsaya miki a idon sawu yanzu yana jan ƙasa, ko bayanki ya fara yin doro, ko kin faɗi fiye da sau ɗaya cikin shekarar nan.

'Yar rukuni na farko za ta iya farawa gobe. Na biyu da na uku su fara ganin likita, su nemi a haɗa su da sashen gashi, wato masu fisiyo, ko da zuwa ɗaya ko biyu ne, don a ga yadda suke motsi a gyara musu. A Birnin Kebbi akwai asibitin tarayya da Asibitin Sir Yahaya, idan abin ya fi ƙarfin nan akan tura mutum asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Gwajin da ke auna kaurin ƙashi shi ne DEXA, sakamakon da ya kai -2.5 ko ƙasa da haka shi ake kira zaizayewar ƙashi. Na'urar ba a kowane asibiti take ba, don haka a tambayi wurin da kuɗin kafin a hau mota. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ba ya nuna zaizayewa sai ta yi nisa.

Gargaɗi: idan kin daɗe kina shan deksametason ko firednisolon, ko don asma da ciwon gaɓoɓi, ko cikin magungunan ƙiba da ake saye a kemis ba takardar likita, ki faɗa wa likita gaskiya. Suna cin ƙashi ko shekarunki 30. Kuma kada ki daina su rana ɗaya da kanki, a hankali ake janye su.

2. Kayan aiki

Kujera mai ƙwari wadda ba ta lilo, tsayinta daidai gwiwa. Ta katako ta fi, kujerar roba ta biki tana zamewa a kan siminti, idan ita kaɗai ke akwai a jingina ta da bango. Sai bango mara santsi, dakali ko matakala ɗaya da ba ta wuce taƙi guda ba, tabarma da bargo a kai, da gorunan ruwa biyu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka babbar gora mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ke nan, jarka mai lita 5 kuma kilo 5. Idan gora ta yi miki sauƙi, a zuba yashi maimakon ruwa, ko tela ya ɗinka 'yan jakunkuna a cika su da yashi a auna a sikelin mai shago.

Abu ɗaya ne zai ci kuɗi: takalmi mai rufe diddige, mai ƙasan roba, kambas ko na gwanjo ne. Silifas ya kayar da tsofaffi da yawa.  Bel ɗin ɗaure ƙugu da injin jijjiga da ake tallatawa a waya, ki bar kuɗinki a lalitarki.

3. Gwajin ranar farko

A samu wani ya tsaya kusa da ke da waya yana duba lokaci, a rubuta sakamakon a takarda.

Na ɗaya, zauna a kujera, ki rungume hannuwa a ƙirji, ki tashi tsaye ki zauna, sau nawa cikin daƙiƙa 30. Mace mai shekara 60 zuwa 64 da ta gaza 12 ƙafafunta na buƙatar aiki. Na biyu, ki tashi daga kujera, ki taka mita 3, ki juyo ki zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. Na uku, ki sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu, ki ga ko za ki kai daƙiƙa 10 ba ki dafa ba. Daga nan ki jingina da bango a ja layi a saman kanki. Bayan wata uku a sake duka.

4. Ki sake koyon sunkuyawa

Nan zan daɗe, don wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya kan ɗaya. Idan aka lanƙwasa baya gaba, nauyin duka yana taruwa a gefensu na gaba, wanda ya zaizaye sai ya murƙushe. Ba sai an faɗi ba. Ɗaga bokiti ya isa, wani lokaci ma tari mai ƙarfi a sunkuye. Da yawa ba su san sun karye ba, ciwon baya kawai suke cewa, sai doro ya fito.

Gyaran shi ne lanƙwasawa daga ƙugu, kamar ruku'in da aka yi shi daidai, baya a miƙe. Ga yadda ake koyo: ki ɗauki sandar tsintsiya ki kwantar da ita a bayanki, tana taɓa ƙeya da tsakiyar baya da ƙashin wutsiya. Ki buɗe ƙafa kaɗan, ki sassauta gwiwa, ki tura mazaunai baya, ƙirji ya sauko. Da zarar sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren uku, kin lanƙwasa baya, ki koma ki sake. Sau 10 safe, sau 10 yamma, har jiki ya saba.

Sannan a bi ayyukan gida ɗaya bayan ɗaya. Tsintsiya a ɗaura ta a doguwar sanda, a yi shara a tsaye. Bahon wanki da na wanke-wanke a ɗora su kan benci ko tebur. Murhu idan a ƙasa yake, a zauna kan kujera mai ɗan tsayi, a jawo kayan miya kusa tun kafin a zauna, don kada a riƙa miƙa hannu ana murɗa baya. Kaya daga ƙasa: ki matso dab da shi, ki durƙusa da gwiwa, ki rungume shi a jiki, ki tashi da ƙarfin cinya. Za ki juya, ƙafa ce za ta juya, ba ƙugu ba. Jika ya miƙo hannu a ɗauke shi? Ki zauna, shi ya hau cinya.

Gargaɗi: jan guga daga rijiya ya haɗa abubuwa uku da ƙashin baya ba ya so, sunkuyo da nauyi da murɗawa. Rukuni na biyu da na uku su bar wa yara. Haka dashen shinkafa da cirar ciyawa a fadama, inda ake wuni a duƙe. Na san ga mai noma a Argungu ko Suru wannan magana ce mai nauyi, amma aƙalla a riƙa miƙewa akai-akai, a bar ɗaukar buhu ga matasa. 'Yar rukuni na uku ta daina ɗaukar kaya a ka, jarka mai lita 25 kilo 25 ce a kan ƙashin da ya riga ya tsage. Ta kuma guji doguwar tafiya a kabu-kabu kan hanya mai ramuka. Motsa jikin da ake kwanciya rigingine ana ɗago kai zuwa gwiwa don rage tumbi, da taɓa yatsun ƙafa a tsaye, duka an hana su ga mai raunin ƙashi.

Sallah a tsaye ga mai iko motsi ne mai kyau ga cinya da ƙugu. Wadda sauka zuwa sujada ke sa mata ciwo mai tsanani ko jiri, shari'a ta sauƙaƙa mata ta yi a zaune, ta tambayi malami yadda ake yi.

5. Tsayuwa da ƙafa

Atisaye ne na daidaita tsayuwa don kada a faɗi. Kullum, minti biyar zuwa goma, a gefen bango ko bayan kujera. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai 65 ya yi irin wannan aƙalla kwana 3 a mako, kuma bincike ya nuna motsa jiki da aka tsara yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Fara da haɗe ƙafa biyu, daƙiƙa 30. Ya yi sauƙi, ki sa ɗaya gaban ɗaya. Sannan ƙafa ɗaya, daƙiƙa 10, ki canza. Dafawa ma tana da matakai: hannu biyu, hannu ɗaya, yatsa ɗaya, sai hannu a kusa da bango ba ya taɓawa. Daga baya ki taka a kan layin siminti, diddige na bin yatsu, taku 10 zuwa 10 dawowa, sannan tafiya gefe-gefe. Idan ba ki ɗan ji kina tangaɗi ba, ya yi miki sauƙi, ba ya ƙara komai. Idan kuma kina cafkar bango kowane lokaci, ya yi wuya, ki koma baya.

Gargaɗi: a ɗaure zani ya tsaya sama da idon sawu, dogon hijabi a cire shi. Mai shan maganin hawan jini ta zauna bakin gado minti ɗaya kafin ta miƙe da asuba, jirin tashi yana kayar da mutum. Kada a rufe ido sai da wani a tsaye kusa.

6. Ƙarfin tsoka

Kwana 2 ko 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Kafin a fara, taka a wuri ɗaya na minti biyar ana kaɗa hannu.

Tashi-zauna daga kujera shi ne uwar aikin. Ƙafa a buɗe daidai faɗin ƙugu, ki matso bakin kujera, ki karkato daga ƙugu kamar yadda kika koya, ki tashi. Saukar ita ce aikin: a hankali, ki ƙirga uku, kada ki faɗa kan kujerar. Da farko ki dafa cinya idan ya zama dole. Bayan makonni ki rungume gora, daga baya jarka.

Tura bango: ki tsaya nesa da bango da tsawon hannu, tafuka a bango daidai kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusa bango, ki tura. Wannan yana ɗora nauyi a wuyan hannu, wurin da ke fara karyewa idan mutum ya tare faɗuwa.

Hawa dakali: ƙafar dama ta hau, ta hagu ta biyo, a sauko, hannu na dafe da bango. Sai a canza ƙafar da ke farawa.

Jan gora: hannu ɗaya a kan kujera, baya a miƙe, ɗaya hannun ya jawo gora zuwa haƙarƙari, allon kafaɗa na matsawa baya. Sai ɗage a kan yatsun ƙafa a sauko a hankali, da ɗaga ƙafa gefe a tsaye don tsokar ƙugu.

Kowanne sau 8 zuwa 12 shi ne zagaye ɗaya. Makon farko da na biyu zagaye ɗaya ya isa, sannan biyu, har uku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shekara da gora ɗaya. Ƙashi yana sabawa da nauyi, idan ya saba ya daina amsawa. Ma'aunin shi ne biyun ƙarshe su yi miki wuya amma ki iya yin su ba tare da baya ya lanƙwashe ba. Kin kai 12 kina hira, lokacin ƙara rabin kilo ya yi.

Gargaɗi: kada ki riƙe numfashi, ki fitar da iska lokacin yunƙuri, musamman mai hawan jini. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gaɓa ko a tsakiyar baya, ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take. Mai ciwon gwiwa ta ɗora matashi a kan kujera don ta ƙara tsayi, kada ta bar aikin gaba ɗaya.

7. Tsokar baya

Kwanta rub da ciki a kan tabarma, matashi a ƙarƙashin ciki, hannuwa a gefe. Ki ɗago kai da ƙirji kaɗan, ido na kallon tabarma, ki matse allon kafaɗa, ki ƙirga biyar, ki sauka. Sau 5 da farko, har zuwa 10. Ɗagowar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, ba a son a banƙare. Wadda kwanciya a ƙasa ke mata wuya ta tsaya ta jingina da bango, ta ja haɓa ciki, ta tura ƙeya da kafaɗu zuwa bango. Wannan 'yar rukuni na uku ta fi kowa buƙatarsa, amma mai fisiyo ya fara nuna mata.

8. Tafiya da dira

Sai yanzu. Tafiya mai sauri, wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar. A fara da minti 10. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ko ta haɗa kai da maƙwabciya su je islamiyya a ƙafa. Tafiyar hawainiya zuwa gidan biki ba ta cikin lissafi. Kuma tafiya kaɗai ba ta isa gina ƙashi ba, shi ya sa mataki na 6 ya riga ta. Keke da ninƙaya suna gyara zuciya, amma ba sa ɗora wa ƙashi nauyi.

Rukuni na farko, da na biyu idan likita ya yarda, su ƙara dira. A dafa kujera, a ɗage kan yatsu, a saki diddige su buga ƙasa. Sau 10 da farko, a hankali har 50 a rana, a rarraba su. Mai ƙarfi ta koma ƙananan tsalle ko tsallen igiya. Mata da yawa da suka yi haihuwa da dama suna samun ɗigar fitsari idan sun yi tsalle, kuma kunya ba ta bari su faɗa, sai kawai su daina. A yi fitsari kafin a fara, a musanya tsalle da buga ƙafa da ƙarfi a ƙasa, a kuma gaya wa ma'aikaciyar lafiya, akwai atisayen da ke gyara shi.

Gargaɗi: rukuni na uku babu tsalle, babu dira. Tafiya ta minti 20 a rana a wuri mai laushin hanya ta wadatar, da sanda idan ana buƙata.

9. Jera mako, da zafin Kebbi

Misali: Asabar, Litinin da Laraba ƙarfin tsoka da na baya. Tsayuwa da ƙafa kullum, a liƙa ta da wani abu da ba a mantawa, kamar bayan sallar Asuba. Tafiya kwana biyar. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, saboda haka ko da sassafe ko bayan La'asar sosai, da ruwan sha a kusa. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, gaɓoɓi sun fi sandarewa. Da azumi a mayar da aikin bayan buɗa-baki, a rage zagaye, kada a ajiye shi wata guda. Mai ciwon suga kada ta yi da yunwa, ta kuma duba tafin ƙafarta bayan tafiya.

Ƙarfin ƙafa za ki ji shi cikin mako 6 zuwa 8. Ƙashi kuwa yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara kafin canji ya bayyana a gwaji, kuma canjin kaɗan ne, sau da yawa nasarar ita ce an tsayar da raguwar. Idan aka daina, abin da aka samu yana zubewa. Wadda aka rubuta wa maganin ƙashi ta ci gaba da sha, motsa jiki ba ya maye gurbinsa.

10. Abin da ƙashi zai gina da shi

Babba yana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi irin na Yauri da ake ci da ƙayarsu, duka suna da shi. Tsoka kuma tana son wake, ƙwai, kifi, gyaɗa. Bitamin D daga rana yake zuwa, kuma ana iya rasa shi a gari mai rana irin namu idan mutum kullum yana ɗaki ko a lulluɓe. A zauna tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Taba tana cin ƙashi, giya ma haka.

11. Gyaran gida, da abin yi idan an faɗi

A zagaya gidan da idon mai neman abin tuntuɓe: bakin tabarma da ya naɗe, wayar caji a ƙasa, turmi a hanya, gansakuka a bakin rariya. Banɗaki mai tayil a sa masa shimfiɗar roba da ƙarfen dafawa a bango, maƙeri ko mai walda zai yi shi. Tocila ta kwana kusa da matashi. A duba ido, yanar ido tana sa mutum ya kasa ganin bakin dakali.

Idan Inna ta faɗi, kada a finciko ta ta hammata. A tambaye ta inda ke ciwo. Idan babu ciwo mai tsanani, ta mirgina gefe, ta yi rarrafe zuwa kujera, ta dafa, ta kafa ƙafa ɗaya, ta tashi ta zauna. Wannan ma a gwada shi tun ana lafiya, da wani a kusa. Idan kuwa ta kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, ko ciwon baya ya zo farat ɗaya, a bar ta a kwance, a ɗauke ta a kan abu mai faɗi zuwa asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ko ya murɗa. Karayar ƙugu a tsoho yawanci tiyata take buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma makonnin da ake ɓatawa a kwance wurin ɗori su ne ke kawo gyambon kwanciya da ciwon huhu. Bayan an warke, mai fisiyo ne zai faɗi ranar da za a koma mataki na 3 a sake gwaji daga farko.